Littafin aikin manhajar jera aiki a kamfanin robarmu na Legas

Litinin 13 Janairu 2025

Bismillah. Na fara rubuta wannan ne saboda in muka yi nisa kar mu manta daga inda muka taso. Inda nake aiki ƙaramin kamfanin roba ne tsakanin Agege da Ogba, muna yin bokiti da baho da kwano da kofi da buta, injin injekshon mai tura narkakkiyar roba guda 5, injin hurawa guda 2 da su ake yin buta da jarka, mol kuma, wato ƙarfen da roba take shiga ta fito da siffar kaya, guda 23. Yawancin kayanmu Arewa suke tafiya, Kano da Kaduna da Sakkwato, sai ɗan abinda 'yan kasuwar Idumota da Oshodi suke ɗauka. Ni aikina shine in faɗi wane inji zai yi me, yaushe, kuma wace rana za'a loda mota. Shekara 4 kenan ina yi da farin allo da maka da wani Excel guda ɗaya da ya kumbura har buɗe shi ma sai an jira.

Abinda ya tunzura mu a Disamba ne ya faru. Wani dattijo kwastomanmu na Kano, wanda tun kafin in zo kamfanin yake sayen kaya a wurin Alhaji mai kamfanin, muka ce masa kayansa zasu fito ranar Talata, ya turo tirela, motar nan ta kwana 4 a bakin get yana biyan direba da yaran mota kuɗin abinci, kaya basu cika ba sai Asabar. Da ya kira ni bai yi faɗa ba wallahi, gara ma ace faɗan yayi. Cewa yayi ɗana ni ban ce ku yi min sauri ba, ku dai faɗa min ranar gaskiya in san yadda zan tsara kaina. Maganar nan har yau tana raina. Shine na samu Alhaji nace ranka ya daɗe allon nan ya gaza, a bani dama in nemo manhajar da zata riƙa lissafa mana ranar. Yace je ka nemo amma kar ka kawo min abin dala.

Asabar 25 Janairu

Sati biyu ina duba manhajoji. Manyan irin SAP na Jamus ba namu bane, ko kusa. Wasu masu sayarwa sun zo har ofis da majigi sun nuna mana abu mai kyau sosai amma kuɗin duk wata ne kuma kan kowane ma'aikaci kuma da dala, to yadda naira take tun 2023 ba wanda zai sa hannu a wannan. Ya rage saura biyu, Odoo na Beljiyam da ERPNext na kamfanin Frappe da ke Mumbai a Indiya, duka biyun akwai wanda zaka sauke kyauta ka ɗora a sabarka. Mun tsaya akan ERPNext saboda ɓangaren masana'anta duk yana cikin na kyautan, jerin kayan haɗi, takardar aiki, katin aiki na kowane inji, da tsarin samarwa. Ƙanena da yake karatun kwamfuta shi ya ɗora mana akan wata tsohuwar kwamfuta a ofis, muka haɗa ta da inbata dan kar ɗaukewar wuta ta kashe ta.

Laraba 5 Fabrairu

Nan ne aikin gaske ya fara, kuma ba a gaban kwamfuta bane, a kan sikeli ne. Manhaja bata san bokiti ba sai ka faɗa mata bokiti ɗaya giram nawa na ƙwayar roba yake ci, kala nawa, hannun ƙarfe ɗaya, sitika ɗaya, leda nawa a dozin. A takardar da muke amfani da ita tun da daɗewa bokiti mai lita 15 giram 400 ne. Na ɗebo guda 50 daga shif daban daban na auna ɗaya bayan ɗaya, matsakaicinsu ya fito giram 430. Wani zai ce giram 30 ai ba komai bane, to a odar bokiti 10,000 kilo 300 kenan, buhu 12 cur tunda buhun ƙwaya kilo 25 ne. Shekaru muna zargin malam mai sito cewa lissafinsa baya cika, ana ta kallonsa wani iri, ashe bawan Allah nan ba laifinsa bane, takardarmu ce bata faɗi gaskiya ba. Na je har sito na same shi nace malam ka yafe mana, na nuna masa lissafin. Shiru yayi na ɗan lokaci sannan yace Allah ya wanke ni kenan. Ko da aikin nan bai haifar da komai ba bayan wannan ni dai naji daɗin wannan ranar.

Akwai kuma maganar niƙa, wato kayan da suka fito da lahani da ake jefawa kirasha a niƙe a mayar cikin inji. Baƙin baho yana ɗaukar niƙa da yawa, farin kofi kuwa sam baya so, kowane kaya da gwargwadonsa kuma ba a rubuce yake ko'ina ba, a kan ofaretoci yake. Duk sai da na bi su ɗaya ɗaya. Kaya 61 muke dasu in aka lissafa kala kala, na gama 38.

Alhamis 20 Fabrairu

Yau muka fitar da jadawalin farko daga manhaja, na buga shi na kai wa Baba, shine babban mai ɗaura mol ɗinmu, Bayarabe ne amma a Agege ya tashi Hausa a bakinsa kamar Bakano. Ya sa tabarau ya duba bai fi minti ɗaya ba yace yarona wannan ba zai yiwu ba. Nace Baba me ya faru. Yace ka sa jan bokiti a inji na 2 da shuɗin bokiti a inji na 3 duk ranar Litinin da safe, mol ɗin bokitin nan guda nawa gare mu? Guda ɗaya ne. Na biyu kuma ka sa a canza mol a inji uku lokaci guda ƙarfe 7, cen-bulok ɗinmu na ɗaga mol ɗaya ne, ni ma ɗaya ne.

Gaskiyarsa, kuma kuskuren daga wajen shigar da bayanai ne, ni na faɗa wa manhaja inji nawa muke dasu amma ban faɗa mata cewa mol shima abu ne mai iyaka ba. Daren nan na zauna na karanta asalin abin sai na gane daga ina matsalar take. Lissafin da irin wannan manhaja take bi, wanda ake kira MRP, wato tsara kayan haɗin da ake buƙata, tun shekarun 1960 aka fara shi a Amurka, wani injiniyan IBM Joseph Orlicky na cikin waɗanda suka kafa shi, kuma abinda yake yi shine ya ɗauki ranar da ake son kaya ya yi ta ƙirgawa baya baya, yace to ka sayi ƙwaya ran kaza ka fara aiki ran kaza. Yana da kyau wajen sanin me zaka saya da yaushe, amma shi a wurinsa kamar kana da inji da mutane ba iyaka. Jera aiki na gaskiya kuwa wani abu ne daban, sai ka ce masa wannan abin guda ɗaya ne, in yana nan to baya can. Dan haka yanzu kowane mol mun shigar dashi a matsayin abu mai ɗaukar aiki ɗaya tak a lokaci guda, kuma mun rubuta injinan da yake shiga, misali mol ɗin babban baho inji mai ƙarfin matsi tan 450 kaɗai yake ɗaukarsa. Baba da yaransa biyu da cen-bulok suma mun shigar dasu a matsayin wurin aiki guda.

Da muka sake fitar da jadawalin sai abin ya bani mamaki, a zanen nan mai sanduna a kwance da ake kira Gantt, sunan wani Ba'amurke Henry Gantt da ya yaɗa shi wajen 1910 da 'yan kai, layin injina duk akwai giɓi giɓi, layin Baba ne kaɗai ya cika maƙil ba masaka tsinke. Shekara da shekaru Alhaji yana maganar ƙaro injin injekshon na 6 ashe ba nan gizo ke saƙar ba.

Talata 4 Maris

Azumi ya kama tun Asabar, Allah ya karɓa mana. Mun gyara kalandar manhaja, masu shif ɗin rana suna tashi da wuri dan su samu buɗa baki kafin gosulon Agege ya riƙe su, abokan aikinmu Kiristoci sun yarda sun riƙe tsakanin, mu kuma dama mu ke riƙe musu safiyar Lahadi. Awa biyu na Juma'a ma na cire su gaba ɗaya daga lokacin aiki, da can allo yana lissafa su kamar ana aiki alhali rabin ma'aikata suna masallaci.

Babban aikin satin nan shine zama da Baba da takarda. Tambaya ɗaya nake ta maimaita masa, daga wannan zuwa wannan minti nawa? Daga fari zuwa ruwan ɗorawa yace kusan ba komai, kana zubawa kawai kalar tana shigowa. Daga ja zuwa baƙi minti 15. Daga baƙi ka dawo fari kuwa sai ka fi awa ɗaya kana wanke bututun inji kana zubar da roba, kusan rabin buhu yake tafiya kuma ko bayan nan zaka riƙa ganin ɗigon baƙi a jikin kaya. Dan haka ƙa'idar ita ce daga mai haske zuwa mai duhu, fari, ɗorawa, lemo, ja, kore, shuɗi, baƙi, sannan a sauke mol. Kowa a filin aiki ya san wannan, nima na sani, amma in oda ta matse sai a tsallake kuma ba wanda yake rubuta asarar. Sannan akwai abubuwan da Baba kaɗai ya sani, wane mol ne yake yoyon ruwa in ya kwana biyu a sama, wanne ne sai an ɗaura shi da safe saboda yana buƙatar a zauna dashi ana saiti, wanne ne baya shiri da inji na 4 duk da a takarda ya shiga. Da farko yana bani amsa a gajarce, na lura ransa ba daɗi, sai da na tambaye shi kai tsaye nace Baba ko akwai abinda nayi. Yace in ka kwashe abinda ke kaina ka zuba a kwamfuta sai Alhaji yace Baba ya tsufa. Na rantse masa da Allah ba wannan bane, na jawo zanen na nuna masa layinsa da ya cika nace Baba duba, kamfanin nan gaba ɗaya bayanka yake jira, abinda nake so shine a daina kiranka wuri uku lokaci ɗaya. Washegari da kansa ya zo da wani tsohon littafi duk mai ya taɓa shi, tun 2011 yake rubuta saitin kowane mol a ciki, zafi da matsi da sakan nawa. Ya bani aro na kwana biyu kawai.

Juma'a 14 Maris

Ƙanena ya rubuta ɗan shiri da OR-Tools, kayan aikin lissafi na Google, wanda yake ɗaukar odoji daga ERPNext da teburin mintunan Baba ya jera su yadda canji zai fi ƙaranci ba tare da an wuce ranar kwastoma ba. Yace min kala 7 kaɗai a mol ɗaya hanyoyin jera su 5,040 ne, to ina ga mol 23 da inji 7. Yana fitar da amsa cikin 'yan mintuna. Baba ya duba na satin gobe ya canza abu biyu kacal.

Litinin 24 Maris

Yau an ɗan samu saɓani da Alhaji kuma ina so in rubuta shi yadda ya faru. Saura kwana 6 ko 7 sallah, jadawali a cike, sai ga Alhaji ya shigo da waya a kunne yana cewa ba komai, ranar Laraba ka turo mota. Ya kashe waya yace min buta 6,000 kore da fari, amininsa ne na Sakkwato. Da can sai dai in ce to in je in goge allo, wanda abin ya faɗa kansa ya faɗa. Yau nace ranka ya daɗe dan Allah minti biyar. Na shigar da odar a gabansa na danna, manhaja ta nuna in aka sa butar nan a gaba mutum uku zasu makara, ciki har da dattijon nan na Kano da muka riƙe wa mota a Disamba, kuma za'a yi canjin kala daga duhu zuwa haske har sau biyu. In kuma aka bi layi butar zata fito Juma'a da yamma.

Ransa ya ɓaci yace yanzu kwamfuta ce zata faɗa min abinda zan yi a kamfanina? Nace a'a ranka ya daɗe, hukunci naka ne, duk wanda kace a sa gaba shi zan sa, ita dai ta nuna maka wanda zai biya kuɗin alƙawarin ne kafin ka ɗauka. Ya daɗe yana kallon sunayen nan uku. Sannan ya sake kiran amininsa yace Juma'a ne ba Laraba ba, a yi haƙuri. Mutumin yace ba komai, dama motar tasa ma sai Alhamis zata sauke shanu a Oko-Oba. Wato duk tashin hankalin da zamu yi da ba wanda ya buƙace shi.

Bayan la'asar muka yi yarjejeniya, kwana 3 na gaba a jadawali a kulle suke ba mai taɓawa sai in inji ya lalace, daga kwana na 4 zuwa sama Alhaji na iya juyawa yadda yake so, kuma kafin ya faɗi rana a waya zai tambaye ni tukun. Ni a ganina wannan yarjejeniyar ta fi duk wani abu da muka ɗora a kwamfuta muhimmanci, dan manhajar da ake goge mata jadawali kullum da safe ba abinda zata tsinana.

Litinin 7 Afrilu

An dawo daga hutun sallah, Allah ya maimaita mana. Duk odojin sallah sun fita, biyu sun makara da kwana ɗaya kuma tun kafin ranar na kira masu su na sanar dasu.

Yanzu maganar wuta. Layin wutarmu na rukunin Band A ne, wanda tun Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗinsa daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage ya dawo 200 da 'yan kai, da sharaɗin awa 20 a rana. Duk da tsadar ta fi dizal sauƙi nesa ba kusa ba. Abinda mutanen ofis basu ganewa shine ɗauke wuta na minti 10 ba asarar minti 10 bane a wurinmu. Robar PP, irin ƙwayar da muke aiki da ita, sai bututu ya kai digiri 200 da wani abu take narkewa yadda ake so, in ya huce sai an jira ya sake ɗaukar zafi, kayan farko da zasu fito kuma duk na kirasha ne. Janaretonmu kuma baya ɗaukar inji 7 da cila mai sanyaya ruwa da kwamfuresa gaba ɗaya, sai an kashe mai tan 450 ko kuma a kashe ƙanana biyu. To wanne za'a kashe? Da forman ne yake yanke hukunci da ka, yanzu na sa shirin yana fitar da jadawali biyu duk safiya, na wuta da na janareto, an manna su a bango gefe da gefe.

Matsalar da ban gama warwarewa ba ita ce ofaretoci basa son rubuta lokacin da inji ya tsaya. Na sa waya ɗaya a filin aiki da maɓalli biyar kacal, wuta, mol, kala, ba ƙwaya, gyara. Sati guda aka yi kusan ba wanda ya danna, suna tsoron za'a cire musu a albashi. Sai da Alhaji ya tara su da kansa aka faɗa da Hausa da Yarbanci da Turancin buroka cewa ba mai taɓa kuɗin kowa, sannan aka fara dannawa kaɗan kaɗan. Masu shif ɗin dare har yanzu sai da asuba suke cikewa gaba ɗaya daga tunani, kuma ana ganewa dan duk lambobinsu 30 ne ko 60.

Wani abu kuma, tun Maris labari ya fito cewa matatar Dangote ta Lekki ta fara fitar da PP. Mu dai har yanzu na Indorama ta Eleme muke samu ta hannun dila sai wanda ake shigowa dashi ta Apapa. In ta fara zuwa hannunmu zan rage kwanakin jiran ƙwaya a manhaja, amma sai mun gwada tukun, dan kowace ƙwaya da yadda take gudana in ta narke, sakan biyu in suka ƙaru a kowane bugun da inji yake fitar da kaya lissafin shif gaba ɗaya ya canza. Bokiti a sakan 30 guda 120 ne a awa, a sakan 32 kuwa 112 ne da ɗan ɗori.

Asabar 3 Mayu

Tunda mun gane layin Baba ne yake riƙe kowa, watan nan a kansa muka tsaya. Na karanta dabarar wani injiniya ɗan Japan Shigeo Shingo da yayi aiki da Toyota, burinsa canjin mol ya koma ƙasa da minti 10. Mu ba zamu kai nan ba da cen-bulok na hannu, amma asalin dabarar mai sauƙi ce, ka raba aikin da dole sai inji ya tsaya da wanda za'a iya yi inji na gudu. Na tsaya da agogo na kalli canji 6. Wallahi kusan rabin lokacin neman abu ake, sifana na wurin wani, tiyon ruwa bai kai ba, mol ɗin da za'a ɗaura yana can ƙuryar sito an tare shi da buhuna. Yanzu tunda jadawali a kulle yake kwana 3, yaran Baba sun san mol ɗin gobe tun yau, suna jawo shi kusa da inji da yamma da kusoshinsa da tiyonsa a cikin baro guda. Canjin da yake cin awa 3 da rabi ya dawo awa 2 da 'yan mintuna. Ba mu sayi komai ba sai baro biyu da sifanu. Baba yanzu ƙarfe 6 yake tafiya gida, da kuwa sai bayan isha'i.

Na sabunta teburin mintuna a shirin. Alhaji ya daina maganar inji na 6, yanzu maganar ƙugiyar lantarki yake ta ɗaga mol, na ce masa wannan kam ina goyon baya.

Litinin 2 Yuni

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ambaliyar da aka yi a Mokwa ta jihar Neja a satin da ya wuce ta ci rayuka sama da 150, Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri. Ɗaya daga cikin direbobin da suke mana lodi yana da 'yan uwa a garin, har yanzu yana can.

Ta wajen aiki kuma hanyar da motocinmu suke bi kenan, Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, kuma ta samu matsala motoci sun tsaya, ga babbar sallah ranar Juma'a. Tirela biyu da muke jira basu iso ba, kaya sun cika sito har bakin ƙofa ba inda za'a ajiye na gobe. Nan na gane wani abu da bamu taɓa shigarwa ba, faɗin sito shima iyaka ne, baho da bokiti iska ce rabinsu, wuri suke ci ba nauyi ba. Da hannu na juya jadawalin, na tsayar da baho na sa kofi da kwano masu shiga cikin juna da odojin cikin Legas. Wannan karon ni na nemi izinin Alhaji a karya kullen kwana 3, yace karya. Na kira duk kwastomomin Arewa na faɗa musu halin da ake ciki, dattijon Kano yace ai mun gani a labarai ɗana, Allah ya kiyaye gaba, in mota ta samu ka kira ni.

Alhamis 3 Yuli

Tun shekaranjiya Talata gwamnatin Legas ta fara aiwatar da dokar hana robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar, ledar da kaurinta bai kai maikiron 40 ba da tsinken shan lemo da cokulan roba da makamantansu, bayan farin kwanon soso na tekawe da aka hana tun Janairun 2024. Kayanmu bai shafe su ba, amma masu sayar da abinci sun fara tambayar kwano mai murfi wanda ake wankewa a sake amfani dashi, dila biyu sun kira satin nan. Alhaji yana son sayen mol ɗinsa, kuma abinda ya faranta min rai shine kafin ya yi ciniki sai da ya hawo ofis yace saka min shi a na'urarka mu gani ko akwai wurinsa. Mun saka na gwaji, mol biyu ne dan murfi daban kwano daban, ya nuna inji na 1 da na 5 zasu iya ɗauka amma layin Baba zai sake cikewa in ba'a kawo ƙugiyar lantarkin ba. Dan haka ƙugiya farko, sannan mol.

Lissafin watan Yuni, oda 34 muka fitar, 27 sun fita a ranar da muka faɗa, 5 na satin Mokwa ne, 2 kuma laifinmu ne, ɗaya kalar shuɗi ce ta ƙare a sito alhali manhaja na nuna akwai buhu biyu, an ɗiba da dare ba'a rubuta ba. Abinda ya rage a gabana yanzu, a shigar da faɗin sito cikin shirin, a samu waya ta biyu dan masu shif ɗin dare, sannan in koya wa yaron malam mai sito fitar da jadawali dan ƙanena zai koma makaranta kuma nima ina so in je gida Katsina a Agusta. Gobe bayan Juma'a zamu ƙirga buhunan kala ɗaya bayan ɗaya ni da malam, Baba yace zai bamu aron yaro ɗaya.